A-kori-kurar Baban Tochi

Maigidana Sa'idu tela ne, kuma duk abin da ya taɓa sai ya yi masa kallon yadi. Ko tabarma ya gani a karkace ba zai zauna ba sai ya daidaita ta da bango. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da ya buɗe injin mota ranar wata Laraba a ƙofar gidanmu da ke Jekadafari.

Motar ba tamu ba ce. Tsohuwar a-kori-kura ce ta maƙwabcinmu Osita, wanda muke kira Baban Tochi, da ita yake kai wa mutane siminti da kwanon rufi. Gida ɗaya muke haya da su, ɗakinsu yana kallon namu. Matarsa Nkechinyere ita ta riƙe ni ranar da na haifi Kande, ni kuma na koya mata dama fura har ta so ta fi ni. Da bam ya tashi a tasha ya rutsa da wani ɗan cocinsu, Osita ya kwashe iyalinsa suka tafi garinsu Nnewi. Bai tafi da motar ba, don ya ce ba za ta kai ba. Ya miƙa wa Sa'idu makulli da takardu, ya ce ya riƙa tayar da ita kowace safiya, in gari ya lafa za su dawo.

Sa'idu ya riƙe wannan aiki kamar farilla. Ya dawo daga sallar asuba, ya tayar da ita, ya bar ta ta ɗumama, ya goge mata gilashi. Duk lokacin da Osita ya kira, amsa ɗaya ce: "Gari lafiya lau, maƙwabci." Wani lokacin gaskiya ne, wani lokacin kuma ni da shi mun san ba haka ba ne. A hankali dai har Nkechinyere, wadda ita ce mai tsoron, ta yarda za su dawo kafin a koma makaranta. Ranar da ta faɗa mini na yi murna ƙwarai, don gidan ya yi mini faɗi tun tafiyarsu.

Sai damina ta sauka, motar ta fara gardama. Yau ta tashi da kyar, gobe ta yi tari ta mutu, daga baya ta ƙi gaba ɗaya. Ana haka mai unguwa ya zo da 'yan sintiri. Gidanmu na jikin masallacin Juma'a, kuma a shekarun nan ba abin da mutane ke tsoro kamar motar da aka ajiye ba ta motsi. Ya ce kafin Juma'a a kawar da ita, in ba haka ba masu tsaro za su ja ta, kuma abin da suka ja ba ya dawowa da ƙafafunsa. Ni da Sa'idu mun san ma'anar haka. In motar ta tafi, Osita ba shi da abin da zai dawo ya tarar.

Yayan Sa'idu yana da gida mai get a Arawa, ya ce a kawo ta. Matsalar ita ce kai ta. Tura mota matacciya har gaban shingen sojoji neman magana ne. Sa'idu ya je wajen Iro bakanike, Iro ya ce a kawo masa ita gareji.

"Ai in tana zuwa gareji da ban zo ba," in ji Sa'idu.

"Malam Sa'idu, ka yi haƙuri. A gan ni a jikin masallaci ina haɗa wayoyi a cikin mota? Ina da 'ya'ya."

Duk wanda ya je wajensa haka ya faɗa. Sai ya kira Osita ya kwatanta masa yadda take yi. Osita bai ma bari ya gama ba ya ce fulogi ne, ya sayo sababbi guda huɗu, sifanar tana bayan kujera. "Amma in za ka fara, ka kira ni."

Sa'idu bai kira shi ba. Ya ce so yake ya ba shi mamaki, ya gama aikin sannan ya kira, Osita ya ji motarsa tana aiki. Na ce masa mutumin da keken ɗinki kawai ya sani bai kamata ya nemi ba wa kowa mamaki da inji ba. Ya ce inji inji ne.

Bayan la'asar ya shimfiɗa wani tsohon yadi a kan benci, ya jera fulogai a kai kamar maɓallan riga. Na fito da kujera na zauna a bakin zaure ina tsince shinkafa. Gaskiya aikin ya yi masa kyau. Ya busa yashin da ya taru a gefen kowane rami kafin ya sa sifana, ya kwance a hankali. Tsofaffin suka fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Sababbin kuwa da yatsa ya fara ɗaura su har suka zauna, sannan ya ƙara matsewa kaɗan, ya ce hannunsa ya san inda zare ke tsayawa. Unguwa shiru, mai shayi yana hura wuta, 'yan Islamiyya suna ta bita a bayan katanga.

Inda halin tela ya shigo shi ne wajen wayoyin. Kowane fulogi yana da wayarsa mai kauri, dukkansu suna fitowa daga wani murfi mai zagaye. Sa'idu ya ga sun yi datti kuma sun sarƙe, wannan ta hau kan waccan. Ransa bai so ba. Ya cire su duka daga kai har gindi, ya goge su tas, sannan ya mayar da su a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Ya kira ni in gani. Na ce sun yi kyau, don sun yi.

Sannan ya kira Osita, ya sa wayar a amsa-kuwwa ya ba ni in riƙe. Ya ce a tara yara su saurara. Na ji muryar Nkechinyere tana gaishe ni, na ji Tochi da ƙanwarsa Oluomachi suna rige-rigen kiran sunan Kande.

Sa'idu ya yi bismillah ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ba ta tashi ba. Ya taka totur ya sake. Warin fetur ya cika wajen. Ya sake taka totur, ya sake murɗawa.

Ƙarar da ta fito daga salansa ban san yadda zan kwatanta ta ba. Na tsinci kaina a ƙasa, shinkafa a warwatse, wayar can gefe. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. 'Yan Islamiyya suka ɓarke da kuka, wani dattijo da ke alwala ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, takalminsa na nan a ƙofar masallaci. Ƙofofi suka yi ta rufuwa. Daga baya unguwa ta yi tsit, sai baƙin hayaƙi da ke tashi a bayan motar, ga Sa'idu a ciki riƙe da sitiyari, ido a waje.

Mai unguwa ne ya fara leƙowa. Da ya fahimci abin da ya faru ya yi faɗa sosai, daga baya kuma dariya ta ƙwace masa. Mutane suka dawo ɗaya-ɗaya, wasu na zagi, wasu na dariya, kowa na cewa shi bai gudu ba.

Sai na tuna da wayar. Na ɗauko ta cikin ƙasa, ashe ba ta katse ba. Nkechinyere ce take ta kiran sunana, muryarta har ta dushe.

"Muna lafiya, Maman Tochi. Mota ce. Wallahi mota ce."

Osita ya karɓa. Sannan ya ce a ba shi Sa'idu, ya tambaye shi yadda ya mayar da wayoyin. Sa'idu ya faɗa masa, har da cewa ya jera su.

"Maƙwabci, ba riga ba ce," in ji Osita. "Ba a jere suke ba da wuta ba. Duba murfin, akwai ɗigon jan fenti da na yi. Nan ce ta ɗaya. Daga ita sai ta uku, sai ta huɗu, ta biyu ce ƙarshe."

Sa'idu ya bi yadda aka ce, wayoyin suka koma a sarƙe kamar da. Mai unguwa ya sa aka zagaya aka gaya wa mutane kada su tsorata. Da ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi, tana aiki sumul, ba tari ba rawa. Aka yi ta yi masa barka. Osita ya ce ya ji, ta yi daidai, ya gode.

Na ɗauki wayar na shiga zaure don in ji da kyau, Nkechinyere ta ce tana son magana da ni.

"Maman Kande, Oluomachi tana ƙarƙashin gado. Ta ƙi fitowa."

"Ki gaya mata salansa ce kawai."

"Na gaya mata. Ni ma na sani. Amma lokacin da na ji, sai na zaci bam ne. Na ga ke da Kande a kwance a ƙofar gidan nan." Sannan ta ce, "Na ɗauka na warke. Ba zan iya kawo su ba. Ki yafe mini."

Ba zan ce mata gari lafiya ba, don ni ma ƙasa na faɗi, kuma gwiwata tana jini. Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta gaishe mini da yara.

Na fito na tarar Sa'idu ya rufe bonet, ya wanke hannu, yana zaune a bayan sitiyari fuskarsa cike da fara'a. Ya leƙo ta taga.

"Me ta ce? Yaushe za su taso?"

"Ka kai motar tukuna, kada magariba ta same ka a shinge."

Ya ja ta a hankali yana kauce wa ramuka, har ya sha kwana. Na tsuguna ina kwashe shinkafar daga ƙasa, a nan kuka ya zo mini.