Asabar ɗin da Ray Ya Daki Ƙaninsa

Ray Tudge ya fara aske kansa ƙwalƙwal tun yana ɗan shekara sha shida, a 1969, lokacin da duk saurayin da ya isa a garin Wolverhampton na Ingila yake ɗaure takalmin sojoji, ya naɗe ƙafar wando, ya tafi rawar ska, kiɗan 'yan Jamaika. Lascelles Bogle ne ya koya masa rawar. Ajinsu ɗaya, layinsu ɗaya, kuma a wurin uwar Lascelles, 'yar Jamaika, Ray ya fara cin kaza mai yaji har da hawaye.

Bayan shekara goma Ray yana aikin narka ƙarfe, Lascelles yana da teburin sayar da faifan kiɗa a kasuwar Asabar. Colin, ƙanin Ray, ya kai ashirin ba aikin yi. Shi ma ya aske kai, ya gaji tsofaffin takalman yayansa, sai dai ya zare baƙar igiyar ya zura fara, irin ta masu cewa Ingila ta fararen fata ce. Ray ya ga igiyar. Ya ga takardun da masu farar igiyar ke rabawa a ƙofar filin ƙwallo. Ya kau da kai, yana cewa a ransa ƙuruciya ce.

Wata Asabar da rana Ray yana jingine da teburin yana cin soyayyen dankali, faifai yana juyawa, sai ga Colin da abokansa, su biyar, shi a gaba.

"Kashe wannan hayaniyar," Colin ya ce wa Lascelles. "Nan ba daji ba ne."

"Colin, kai ne?" Lascelles ya kalle shi sama da ƙasa. "Ni fa na goya ka zuwa asibiti ranar da ka haɗiye maɓalli."

Abokan suka tuntsire da dariya. Kunnuwan Colin suka yi ja.

"Ka tattara ka koma inda ka fito!"

"Layin Gasworks na fito, gida na uku daga naku. In koma?"

"Wuce gida, Colin," in ji Ray. "Kiɗan nan shi ya sa muka aske kai tun kana fitsarin kwance. Kai me ka sani?"

"Na san kai abin kunya ne, Yaya. Bature har Bature, kana gadin teburin baƙar fata kamar karensa."

Ya sa ƙafa ya hankaɗe akwatin faifan. Suka zube a kan kwalta, ya bi su da dunduniya yana murƙushewa, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon Lascelles cikin ido.

Ray bai san lokacin da ya yar da dankalin ba. Naushi ɗaya ya yi masa a hanci, ya ji ƙashi ya ba da ƙara. Ya ƙara na biyu, na uku, har sai da mai sayar da kifi ya riƙe shi ta baya. Abokan suka ja Colin, jini ya ɓata masa riga, suna tafe suna waiwaye suna ɗaga hannu sama, suna rantsuwa za su dawo.

Ray ya durƙusa zai tsince faifan.

"Bar su," in ji Lascelles.

"Lass, ka ga dai abin da na yi masa."

"Na gani. Wata nawa yana yawo da farar igiyar nan?"

Ray ya ajiye faifan da ke hannunsa.

"Wata nawa, Ray? Tebur ɗaya kuke cin abinci. Masu farar igiyar nan ne suka jefa wa uwata kashin kare ta ƙofa a watan jiya, kai kuma kana nan kowace Asabar kana kaɗa kai kana jin kiɗa. Yau da ya kira ka kare, shi ne hannunka ya tashi."

"Ba haka ba ne."

"Matsa min daga tebur, kana kore min mutane."

Da yamma Ray ya je gida. Uwarsu ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a bakin, hannunta riƙe da tsumma mai jini.

"Ɗan uwanka, Raymond. Ciki ɗaya. A kan bare."

"Mama, kin san abin da yake yi kuwa?"

"Na san likita ya ce hancin ba zai miƙe ba."

Ta rufe ƙofar, ya ji ta zura sakata.

Ranar Kirsimeti ba wanda ya neme shi. Kafin bazara Lascelles ya kwashe uwarsa da sauran faifansa ya koma Birmingham, bai bar wa kowa adireshi ba.