Sifikar Hagu

Biren Ghorai ya dire kwalin a kan teburin shagon, har kofin shayin Mobarak ya girgiza.

"Na hagun ba shi da rai," in ji shi.

Mobarak, mai shagon, bai ko ɗaga kai daga wayar da yake ferewa ba. "Haba, Biren-da, yayana. Wancan makon na hagu ne, na kafinsa ma na hagu. Masu ƙera abin nan gaba suke yi da hagu ne?"

"Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Haɗa ka ji."

Tun damina Biren yake sassaƙa ƙahonin sifika biyu na katako a bayan gidansa, kowanne bakinsa ya isa mutum ya zauna a ciki. 'Yan wasan kwaikwayon garinsu ne suka ba shi aikin saboda bikin Kali, abar bautar Hindu, da ya ƙarato. Har akwatunan sifika na kanti aka yi musu tayi suka ƙi, don a yankin kaf ba wanda bai san kunnen Biren ba. Sifikar ƙasa mai gurnani ta zauna, ta sama mai tsiwa ta zauna. Saura kawunan tsakiya, ƙarafan nan masu nauyin maganaɗisu da ake ɗaurawa a wuyan ƙaho, waɗanda ke ɗauke da muryar mutum. In suka yi sanyi, sarauniyar wasa za ta yi ta rusa kuka a kan dandamali, mutanen bayan fili suna hirarsu suna cin gyaɗa. Shi ya sa yake ta hawa jirgin ƙasa zuwa Chandni, kasuwar kayan lantarki ta birni, yana saye yana mayarwa.

Mobarak ya ɗaura kawunan a ƙananan ƙahonin gwaji da ke kan kanta, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Ya kunna rediyo inda wata mata ke karanta labarai, don ya san Biren ba ya gwaji da kiɗa. Biren ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne, daidai tsakiya, ya lumshe ido.

Pintu, mai sayar da wayoyin lantarki a shagon gefe, ya leƙo da ganyen taunawa cike da baki. "Kai, babban kunne ya iso! Yau wa za a yanke wa hukunci?"

"Yi mana shiru," in ji Biren. Ya ɗaga hannun hagu. "Ka ji ko? Daga dama tana magana a gabana. Daga nan kuwa kamar an rufe ta da bargo."

Mobarak ya kwance kawunan ya musanya, na dama ya koma hagu.

Biren ya saurara. Ya yamutsa fuska. "Yanzu kuma wannan ne ya yi sanyi."

"Wannan fa shi ne ka yaba yanzun nan."

"To ba kan ba ne, waya ce."

"Kar ka soma," in ji Pintu. "Wayata ce, tagulla zalla."

Aka musanya wayoyin. Hagu dai. Aka sauke wani amfilifaya daga sama, aka kaɗe masa ƙura aka jona. Hagu dai. Biren ya miƙe ya ƙwanƙwasa bangon, ya tura kwalayen da ke jibge a kusurwar, ya dawo ya zauna. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Tun yana saurayi yake wannan aiki, kuma kowace cuta tana da mazauninta, in ba a kai take ba to tana waya, in ba waya ba tana inji ko ɗaki. Yau duk ya bi su ɗaya ɗaya, cutar ta ƙi barin gefe guda. A gida ma haka ta yi masa. To ta yaya bangon gidansa da bangon Mobarak za su haɗa baki?

Mobarak ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Pintu, je ka ce a kawo mana shayi. Mai citta. Ka tsaya a dafa a gabanka."

Da Pintu ya ɓace cikin cunkoso, Mobarak ya rage murya. "Biren-da, juya ka ba su baya."

"Don me? Wa ke kallon wasa da ƙeya?"

"Juya dai."

Biren ya juya, yana fuskantar layin kasuwa. Matar ta ci gaba da karanta labarin ambaliya. Ƙahon da ya yi ta zargi ya koma damansa, sai ga muryar ta fito daga cikinsa tangararas, har numfashinta yana ji. Ɗayan kuma, wanda bai taɓa yi masa laifi ba, shi ne aka rufe da bargo.

"Bargon ya tashi ya koma can," in ji Biren. Ya yi 'yar dariya, don bai gane ba tukuna. Ya sake juyawa. Ya kuma juyawa. Duk inda ya fuskanta, sanyin yana biye da gefensa na hagu.

A hankali ya ɗaga hannu ya murza yatsu biyu kusa da kunnen dama, ya ji ƙas-ƙas ɗinsu. Ya kai su kusa da na hagu. Yana jin yatsun suna gogar juna a fatarsa, amma ƙarar ba ta iso ba.

Pintu ya dawo da shayi. "To, an kama ɓarawon?"

"Bangon nan ne," in ji Mobarak da sauri. "Danshi ya ci shi. Tafi, ga mai saye can a shagonka."

Suka sha shayin. Mobarak ya jero kawuna iri uku a kan tebur, ciki har da waɗanda aka dawo masa da su. "Lokaci na tafiya. Wanne za ka ɗauka?"

Biren ya dube su. Bai taɓa tambayar wani mahaluki ra'ayinsa a kan sauti ba sai yau.

"Mobarak-bhai, ɗan'uwana, kai wanne ka ji ya fi?"

Mobarak ya ajiye kofi, ya yi dariya mara sauti. "Ni? Tun ina yaro nake zaune cikin hayaniyar kasuwar nan. Wallahi duk ɗaya suke a kunnena. Abin da ka ɗauka shi nake sarowa. Masu saye ma ba sa tambayar suna, cewa suke a ba su irin na Biren-da. Ga wasu can tun wancan makon suna jiran in gaya musu."

Biren ya juya kofin a tafin hannunsa. Daga nan ya ja kujerar zuwa gaban ƙaho guda, ya zauna a karkace, kunnen dama a bakinsa.

"Cire wayar wancan," in ji shi. "Ka riƙa sa min su a nan, ɗaya bayan ɗaya."