Tukwane Biyu a Ajin Malama Nyamphande

Daga ofishin ilimi na gunduma aka aiko cewa kowane malami ya auna ko yaran ajinsa na jin daɗin zama da juna. Malama Nyamphande, wadda ajinta ke jikin nawa, ta kawo tukwane biyu da kwanon wake. Ranar Juma'a kowane yaro ya jefa ƙwaya ɗaya: tukunyar dama in yana jin daɗi, ta hagu in ba ya ji.

Watan farko duk wake dama ya tafi. Hedimasta Kamanga har ya yabe ta a gaban taro. Ita kuwa ta lura monita Vitumbiko ne ke tsayawa kan tukwanen da bulala a hannu. Sai ta mayar da su bayan ƙofa, inda ba mai ganin kowa.

Juma'ar da ta biyo, tukunyar hagu ta cika.

"Malama, kin ɓata mana aji," in ji hedimasta. "Da lafiyarsa ƙalau."

"Ranka ya daɗe, tukunya kawai na matsar."

Ta tambayi yaran dalili. Da ƙyar wata yarinya 'yar masunci, Lusungu, ta ce 'ya'yan 'yan kasuwa suna toshe hanci in 'ya'yan masunta sun shigo, suna kiransu usipa, ƙananan kifin tafkinmu. 'Ya'yan masunta kuma sukan tare su a hanyar gida su rama da duka.

Ranar Litinin ta sake wa kowa wurin zama. Kowane benci ɗan ɗan kasuwa da ɗan masunci, littafi ɗaya tsakaninsu, maki ɗaya. In ɗaya ya makara, su biyu za su yi shara. A makon nan littattafai suka yage, wani ya rasa haƙori, iyaye suka zo da ƙara. Ba ta canja komai ba.

Har ƙarshen zango tukunyar hagu ba ta daina cika ba. Ta sake tambaya. Wannan karon hannuwa suka tashi ta ko'ina, suka wakilta Vitumbiko, ɗan wani ɗan kasuwa.

"Malama, mun yi shawara, mu duka. Ke ce matsalar."

"Ku duka?"

"Har da na bakin tafki. A gidansu Lusungu muka zauna."

Ta ce ta ji, su buɗe shafi na gaba.

Da aka fita tara na same ta bakin taga tana cin rogonta. A gindin mangwaro yaranta sun haɗa kai kan kwano ɗaya, suna ci suna hararo ta.

Na ce, "Yaya, ba ki ji zafi ba?"

"Na ji mana," ta ce. "Miƙo min gishirin nan."