Akwatin da Nzioka Ya Sa wa Kwaɗo

Rowa kala-kala ce, amma wadda ta fi ba ni haushi ita ce rowar sani, wato mutum ya iya abu ya zauna a kansa don kada na kusa da shi ya gani. Ita ce ta kayar da Nzioka a layinmu na maƙera a Nakuru, kuma a gaban idona aka yi.

A layinmu ba a ɓoye aiki. Rumfunan kwano ne jere da juna, babu bango. In ka ƙera sabon abu da safe, kafin la'asar ka gan shi a hannun maƙwabcinka. Ni kaina murhun gawayin da nake sayarwa, a hannun wani na gani, shi ma a hannun wani ya gani. Nzioka kuwa tun zuwansa daga Machakos wannan al'ada ta tsaya masa a wuya. Yana da hannu, ba zan hana shi wannan ba.

Wata Litinin ya shigo layi yana tafiya kamar ƙasa na ƙona masa ƙafa. Ya ce ya haɗa murhun ƙira mai cin gas. Tsohuwar tukunyar gas ya yanke, ya shafe cikinta da yumɓu, ya soka mata bututu ta sama, gas yana fita ta ɗan huji kamar na allura ya bi bututun zuwa ciki. Ya gwada shi a bayan gidansa bayan an tashi daga coci. Wai rugugin wutar sai da ya kori kajin maƙwabta, ƙarfe kuwa ya yi fari kamar madara.

"Mzee," ya ce mini, don haka ake kiran dattijo a nan, "gawayi ya mutu. Ku fara shirin jana'izarsa."

Da Wekesa yake, ba da ni ba. Wekesa ne maƙwabcinsa na dama, mai ƙera gatari da gawayi da zuga-zugi. Gatarin kirki jikinsa baƙin ƙarfe ne mai laushi, bakinsa kuma guntun sifirin na mota. Kafin biyun nan su zama ɗaya sai wuta ta kai su ga fari, har sun fara tartsatsi, sannan a buge. In ja kawai suka yi, ko za ka kwana kana dukansu ba za su kama juna ba. Kowace shekara Mama Chepkoech, shugabar ƙungiyar mata manoma ta Molo, takan zo wurin Wekesa ta sa a yi wa matanta gatura. A bana Nzioka ya tare ta a bakin layi, ya saya mata shayi da mandazi, wato fanken nan garin, ya yi mata alkawarin gatura masu tsabta cikin rabin lokaci. Ta yarda, amma ta ce za ta dawo ranar kasuwa ta ga na gwaji tukuna. In ya yi, aikin nasa ne bana da baɗi.

Washegari aka kawo murhun a kan amalanke, layi duka ya bar aiki ya zo kallo. Sai muka ga bututun nan da ake ta labari ba a ganinsa. Nzioka ya ƙera akwatin kwano ya kifa a kan gindin bututun, ya liƙe kowace kafa, ya sa masa kwaɗo, makullin kuma yana rataye a wuyansa. Ya ce idanun layin nan sun fi hannun ɓarawo sauri.

Ya kunna. Muna jiran rugugi, sai muka ji wani fuuu kamar numfashin tsohuwar saniya. Wutar ta fito rawaya, tana lilo a bakin murhun, tana baƙanta komai da hayaƙi. Ƙarfe ya yi ja, ya tsaya nan.

Daga ranar layi ya sami abin yi. Kowa ya zama likitan murhu. Nzioka ya fara cewa mai gas ne ya cuce shi da gurɓatacce, ya ɗauki tukunyar a kan babur ya je ya yi masa tijara ya canzo wata. Wutar tana nan rawaya. Wani ya ce kan tukunyar irin na ɗakin girki ne, ba ya sakin gas da ƙarfi. Wannan gaskiya ce, ya sayo mai ƙarfi, harshen wutar ya ƙara tsawo har yana lasar rufin rumfa, amma ƙarfe bai wuce ja ba. Wani ya ce bakin murhun ya yi faɗi, zafi na gudu. Ya jera tubali ya rage shi. Ƙarfe ya ɗan tasam ma launin lemo, mutane suka fara tafi, sai ya sake tsayawa. Naliaka mai sayar da githeri, wato dafaffiyar masara da wake, a ƙarshen layi ta ce tunda wutar ta ƙi ƙarfe, a ba ta aro ta ɗora wake.

Ana nan sai Wekesa ya ga tukunyar gas ta biyu ta kusa ƙarewa. Ya ajiye awartakinsa, ya ƙetaro, ya tsaya yana kallon wutar.

"Nzioka, ɗan'uwa, wutar nan taka ta ina take shan iska?"

"Ta inda ba za ka gani ba."

"Ni fa tambaya na yi. Tawa in na daina zuga ta, haka take yi."

"Taka ta kakanni ce. Koma ka zuga abinka, ka bar leƙen nawa."

Wekesa ya koma rumfarsa. Nzioka kuwa ya juyo yana faɗa mini wai ka ga dabara, so yake a buɗe masa akwati. Na ce masa ya buɗe ɗin mana, ba a taɓa warkar da ciwon da aka ƙi nunawa ba. Ya ce ashe da ni aka haɗa baki. Har buhu ya rataya a gefen rumfarsa saboda masu mugun ido.

Ranar kasuwa Mama Chepkoech ta sauko daga motar Molo da hantsi. Nzioka ya miƙa mata gatari guda da ya buge da jan ƙarfe, ya goge shi yana sheƙi. Ita ba sheƙi ta zo saya ba. Ta nemi kututture, ta ɗaga ta sara. A sara na farko bakin gatarin ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata, aka bar ta da dunƙulen ƙarfe a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye masa abinsa, ta taka zuwa rumfar Wekesa, suka yi magana, suka sha hannu.

Nzioka yana ganin hannun nan biyu sun haɗu sai ransa ya ɓaci. Ya kunna murhun, ya murɗa gas har ƙarshe, ya sunkuya yana leƙa ciki yana zagin wutar. Gas ɗin da ya rasa hanya ya taru a cikin akwatin. Sai muka ji fam! Akwatin ya tashi sama da kwaɗonsa da komai, ya haye rumfuna, ya dira kusa da tukunyar Naliaka. Nzioka ya faɗi zaune, yana shafa fuska.

Sannan rugugin ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, kamar babbar mota tana hawan tudu. Wutar ta tsuke ta koma shuɗiya, hayaƙin ya ɗauke, cikin murhun ya fara haske har ido ba ya iya tsayawa a kai. Mutane suka yo ca. Masu walda suka bar injinansu, mai aski ya zo da aska a hannu, wanda ake yi wa askin yana biye da rabin kai. Kowa na ihu a sa ƙarfe. Nzioka ya miƙe, ya manta da fuskarsa, ya cusa wani gatari da guntun sifirin. Ja, lemo, rawaya, sai fari tas, tartsatsi na tashi. Ya barbaɗa yashi, ya fizgo shi zuwa uwar maƙera, ya sauke masaba. Wuta ta watsu har ƙafafunmu, muka yi baya muna dariya. Ƙarfen ya kama. Wekesa da kansa ya karɓa bayan an kashe shi a ruwa, ya sari kututturen nan ya rabe biyu, bakin ko gezau.

Nzioka ya ɗauki gatarin da gudu ya kai wa Mama Chepkoech. Ta juya shi, ta yaba, ta mayar masa.

"Aiki ya yi kyau, ɗana. Amma na riga na ba Wekesa hannuna, ni kuma hannu ɗaya nake bayarwa. Je ka shafa mai a goshinka."

Da ya waiwayo, layi duka na kewaye da murhunsa, kowa na kallon abin da aka sa wa kwaɗo. Bututun ruwa ne kawai mai buɗaɗɗen gindi, ta nan yake zuƙar iska. Wani har yana auna shi da ɗan yatsa. Tun farko akwatin ne ya shaƙe shi.

Ga abin da Nzioka ya rasa. Ya rasa gaturan Molo na bana da na baɗi. Ya ƙone tukunyar gas biyu ko wake bai dafa da su ba. Ya rasa girarsa duka biyu da rabin gashin baki. Ya rasa sirrin, don kafin girar ta tsiro murhu irin nasa na ruri a rumfuna da dama, har da ta Wekesa. Ya kuma rasa sunansa. Yau in ka shigo layinmu ka tambayi Nzioka, sai an yi tunani. Ka ce Akwati, nan take a nuna maka rumfarsa.