Hanta a Miyar Gyaɗa

"Mama, Malam ya ce in mutum ya ci naman alade bai sani ba, ba shi da zunubi. To zunubin na wane ne?"

Sadia na gaban murhu da ludayi a hannu lokacin da Nadia ta jefo tambayar. Shekarar yarinyar takwas, dawowarta ke nan daga Islamiyya, ko hijabi ba ta cire ba.

"Na wanda ya zuba masa mana," in ji Sadia. Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta.

Miyar gyaɗa ce ke tafasa a gabanta, kuma akwai hanta a ciki, an markaɗe ta lilis, an danne ƙarninta da citta da daddawa. Wata biyu ke nan Nadia ta daina cin nama. Ba kaza, ba rago, ko tsiren babanta ba ta kallo. Likita ta auna jininta ta ce ya yi ƙasa, ta rubuta magani, yarinyar kuwa tofar da shi take yi. Sadia a gidan kula da tsofaffi take aiki, ta san yadda ƙarancin jini ke kayar da mutum yana tsaye. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, daga ƙarshe ta koma ga injin markaɗe.

Abin ya samo asali ne daga Mama Celina, maƙwabciyarsu a nan gabashin Greensboro, baƙar fatar Amurka mai shekara tamanin da biyu. Tana ɗaliba ta shiga jerin gwanon da ya cika titin Elm Street, zamanin da baƙar fata ke neman a bar su su zauna su ci abinci inda farare ke ci. Tun daga shekarun nan ba ta ƙara sa nama a baki ba. Nadia ta ga tsohon hotonta a bango, ta ji labari, ta dawo gida ta ture kwanon kaza.

Ga kuma al'adar da Sadia ta taho da ita daga zongon Kumasi: duk Juma'a sai kwano ya tafi maƙwabta. Nadia ke kaiwa. Da Sadia ta ɗora wa tsohuwa tukunya daban, da yarinyar ta tambayi dalili. Don haka Juma'a uku a jere, daga wannan tukunyar ake zuba wa Mama Celina.

Sadia ta tsaya tana kallon miyar. A garin nan ko wake da ganye sai an jefa musu ƙashin alade. Ita ce mai karanta bayan kowane gwangwani a kanti, ita ce mai tambayar abokan aiki sau biyu kafin ta ɗanɗana abincinsu. A duk layin, gidan Mama Celina kaɗai take cin abinci ba ta tambayi komai ba.

Ta kashe wuta, ta yafa mayafi, ta fita hannu rabbana.

Tsohuwar na baranda tana ɓarar wake. Sadia ta durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida.

"Tashi, 'yata. Gwiwoyin nan za ki neme su wata rana."

"Mama, miyar da nake aiko miki..."

"Hanta ce. Tun Juma'ar farko na sani. Don na yi shekara sittin ban ci ba, kin zaci hancina ma ya yi ritaya? Ƙanena Malachy ke cinyewa. Shekararsa saba'in da biyar, kullum sai ya bugo waya yana tambaya ko yau Juma'a ce."

Sadia ta rasa inda za ta sa kanta. "Me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ki zo da ƙafarki." Ta ajiye kwanon waken. "Amma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

Nan Sadia ta zayyana mata komai, da likita da jini da maganin da ake tofarwa. Fuskar tsohuwar ta canja.

"Jininta ya yi ƙasa? Babu wanda ya gaya mini! Ni ban taɓa ce mata ta bari ba. Kira mini ita."

Da Nadia ta zo, Sadia ba ta bar wa kowa aikin ba. Ta dubi idon 'yarta ta faɗi abin da ke cikin tukunya, da tun yaushe.

"Yaudarata kika yi," in ji Nadia da Turanci, yadda takan yi in ranta ya ɓaci. Hawaye suka zubo.

"Na yi. Tsoro ne ya sa ni, amma ban kyauta ba. Tambayarki ta ɗazu, ga amsarta a gabanki."

Mama Celina ta jawo yarinyar jikinta. "Saurara. A ɗakin ƙasan coci aka horar da mu: a zage ka, a tofa maka miyau, kada ka ɗaga hannu. Ranar da 'yan sanda suka sako mu, uwata ta kama kaza don murna, ta ce in riƙe mata ƙafafu. Sai na ji tana karkarwa a hannuna, irin karkarwar da na yi a bayan motarsu. Shi ke nan, ban ƙara ba. Akwai wasu cikinmu da suka bar nama, ba ni kaɗai ba. Yawancinmu kuwa sun ci kazarsu har suka tsufa, kuma ban fi su da komai ba. Amma duk wanda ya bari sai da ya koyi ciyar da kansa. Wadda jiri ke ɗiba a tsakiyar jerin gwano, ɗaukarta ake yi, a rasa mutum uku maimakon ɗaya."

"Ni ba na faɗuwa," in ji Nadia.

"Shekaranjiya wa ya zauna a matakalata yana haki?"



Sadia ta share fuska ta koma ga abin da ta iya. "Wata uku. Za ki sha maganin kullum a gabana, ki haɗiye. Wake, alayyahu, zogale, ƙwai, da lemon zaƙi a kai. In an sake aunawa jinin ya hau, ba zan ƙara takura miki ba. In bai hau ba, za ki ci hanta, a faranti, kina kallonta. Kin yarda?"

"Ba markaɗe?"

"Na bar markaɗe."

Nadia ta dubi Mama Celina, ta dubi uwarta, ta miƙa hannu.

Watannin ba su zo da sauƙi ba. Kwana da kwanaki Nadia na tsayawa a kicin tana sa ido kan duk abin da ya shiga tukunya, Sadia ta ƙyale ta, har ta miƙa mata ludayi. Tsohuwar ta koya musu dafa ganye da albasa da barkono mai hayaƙi. Sadia ta koya mata ƙosai da tubani, ta kuma gargaɗe ta da kanta cewa shito, yajinsu na Ghana, akwai kifi a ciki.

Da aka koma asibiti, likita ta dubi takarda ta ce jinin ya hau. Bai kai inda ake so ba, amma yana hanya, a ci gaba. Nadia ta yi tsalle har takalminta ya fita.

Yanzu duk Juma'a tukunya biyu ke kan murhu, kwano biyu ke fita. Na biyun na Malachy ne, don ya aiko da ƙorafi cewa shi bai yi wa kowa laifi ba.

Kai mai karatu, in wani ya ce maka ga abin da ba ya ci, kada ka tsame ka ce babu, kada ka markaɗe ka ce ai don lafiyarsa ne. Wanda ya ci daga hannunka bai tambaya ba, amana ya ba ka. Kuma kada ka raina hancin tsohuwa.