Turaren Inna a Cikin Kwamfuta

"Ba zan je ba, Yaya."

Yaya Nu'man ya ajiye kofin shayinsa. "Ba shawararki nake nema ba, Madina. Litinin ki je unguwar Etoudi. Alhaji Mohaman Bello yana neman mai rubuta masa takardun shanu, kuma ba zai jira ba."

"Sai na tayar da kwamfutar nan. Juma'a za a rufe karɓar memuwar a jami'a."

"Wannan gawar? Ana tayar da gawa ne?"

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ne. Kwamfutar ita ce abin da aka sallami Baba da shi da kamfaninsu ya rufe, bai daɗe ba kuma ya rasu. A cikinta na buga memuwar ɗina, littafin kammala jami'a, shafi tamanin da huɗu. Takardun da na rubuta da hannu kuwa, ina gama bugawa na miƙa wa mai soya, wato mai tsire, na bakin layinmu ya naɗe nama, don unguwarmu Briqueterie ta san na wuce biro.

Ranar Asabar na danna maɓalli, shiru. Na canja waya. Na kai ta ɗakin maƙwabta na jona, shiru. Da na kwance murfin da wuƙar Inna, sai ƙamshi ya buge ni. Cikin ya yi baƙi, yana danƙo.

Inna ta leƙo tana murmushi. "Kin ji ko? Damina ta sa tana warin danshi. Kullum in kin tafi makaranta sai in sa mata kaskon turare, in lulluɓe ta da zane, kamar yadda nake yi wa kayan mahaifinku."

Na ce, "Allah ya saka, Inna." Na mayar da murfin.

Litinin, maimakon Etoudi, na kai ta unguwar Elig-Edzoa wurin Alim mai gyara. Yana buɗewa ya ja da baya.

"Malama, na'ura kika kawo mini ko amarya?"

"Gyara na kawo, ba hira ba."

Ya taɓa fankar da yatsa, ta ƙi juyawa. Ya ce ƙaron turare ya riƙe ta, zafi ya ƙone akwatin wutar, kuma tun da kuɗi ya faɗi ba a shigo da irinsa. Ya ciro na wata na'ura ya ara mata. 'Yar fitilar ta kawo kore. Ta yi ƙara sau ɗaya, har na miƙe tsaye. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, allon kuma baƙi ƙirin.

"Wannan kukan faifan da ke ajiye rubutunki ne," in ji Alim. Ya daina dariya. "Ba ki da disket ɗin da kika kwafe aikin a kai?"

Ina da ɗaya. Da ya ɗaga ta a haske, ashe funfuna ta cinye ta.

Talata na koma, Laraba ma haka. Muka goge komai da auduga, muka gwada faifan a na'ura uku. Alhamis ya kifa shi, ya ɗan buga gefensa da bayan sukudireba. Ranar Juma'a ya naɗe mini shi a jarida, ya ce in yi haƙuri.

A gida Yaya yana zaune a ƙofa. "Tun Talata Alhaji ya ɗauki wata 'yar unguwar Cité Verte. To, Madam jami'a, gawar ta tashi?"

Na wuce shi da kwamfutar a ka, ban sunkuya ba.

Yanzu da biro nake sake rubuta memuwar daga abin da ya rage a kaina. Ina shafi na goma sha ɗaya. Inna har yau ba ta san abin da ya kashe na'urar ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba.

Na ƙi zuwa Etoudi, na rasa aikin. Na rasa shekarar karatu. Yaya ya ce ba zai sake biya mini rajista ba, kuma wata huɗu ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.