Wandon aikin Direba

"Tsaya daidai mana, ko in soke ka!" in ji Tela, allurai a bakinsa.

Direba ya ɗaga hannuwa sama yana dariya. Wandon aikinsa ake ragewa, ko karo na nawa ke nan, oho. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da shagon ɗinkin, kuma sun tsufa suna tsokanar juna. Da can Tela kan ce sai an haɗa tef biyu kafin a zagaye tumbin Direba. Yanzu kuwa tef ɗaya ma har saura yake yi, abin ba kyan gani.

Likitan kamfanin bas ne ya sauke shi daga mota: hawan jini, ga ciwon sukari. Aka ce sai ya rage ƙiba, a sake gwada shi, sannan a mayar masa da makulli. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, aka zaunar da shi gida yana kallon bango. Matarsa ta ɗaura ɗamara. Ta sayi ɗan sikelin kicin, shinkafa sai an auna, mai sai da ƙaramin cokali, shayi ba sukari, ganye kuwa kamar ana kiwon zomo. Da yamma su zagaya unguwa a ƙafa, ita a gaba, shi a baya yana haki.

"Ramar nan fa ta isa haka," in ji Tela. "Ka leƙa asibiti mana."

"Baƙin ciki kake yi, ɗan tsiya. Tsarin ne ke aiki. Ko yunwa na daina ji. Jiya rabin kwano na bari, Maman yara har tafa min ta yi."

Tela ya dubi idanun da suka yi rawaya, ya dubi wuyan rigar da ke lilo. Amma rabonsa da ganin abokinsa cikin irin wannan farin ciki tun ranar da aka karɓe masa makulli. Sai ya haɗiye maganar.

A ƙa'idarsa ba ya yanke yadi in zai rage kaya. Naɗe shi yake yi ta ciki, don duk wanda ya rame yakan ciko, sai a warware.

"Yau dai yanke shi," in ji Direba. "Tarin yadin nan yana cina a ƙugu. Ni da ƙiba har abada."

Tela ya ɗauki almakashi ba don ransa ya so ba.

Ranar gwaji likita ko kan sikeli bai ɗora Direba ba. Kallo ɗaya ya yi masa, ya taɓa cikinsa, ya tura shi babban asibiti. Ashe wani ciwo ne ya daɗe yana cin sa ta ciki, unguwa guda kuma na yi masa barka. Suka sallamo shi da magungunan rage raɗaɗi.

Daga nan ƙamshin suya ya fara tsallako katanga. Duk abin da aka hana shi, matar ta dafa, amma ko loma ɗaya ta ƙi wucewa. Wata rana ta tsaya a ƙofar shago da kwano a hannu, nama ya huce.

"Ni ce nake tafa masa, Tela. Yana barin abinci ina tafa masa."

"Duk mun tafa, Maman yara," ya ce. Bai iya ɗaga kai ba.

Kullum da la'asar Tela yakan rufe shago ya je ya zauna a bakin gadon Direba. Hira ba yawa, duk sun gaji.

"Sun ba wani motata ko?"

"Tana nan tana jiranka."

"Maƙaryaci. Ina jin ta kowace safiya. Wanda suka ba ko giya bai iya sawa ba, a kwanar nan sai ta yi ƙara. Zai kashe min ita."

Wata rana da hantsi Direba ya cika, matarsa na riƙe da kofin shayi mai sukari da ya roƙa bai sha ba.

Bayan an share makoki Tela ya buɗe shago, ya zauna a keken ɗinki, ya sa ƙafa. Can sai ga bas ta taho. Da ta kai kwana giyar ta yi ƙara, kurrr. Ƙafarsa ta tsaya cak, ya zauna haka, zare a hannu, har ƙarar motar ta ɓace a ƙarshen layi.